Yadda za ka buɗe gidan fiza a Kano wanda maigida zai yarda ya kawo iyalinsa

Duk wanda ya taɓa shiga Jakara da sassafe ya ga yadda mata ke manna gurasa a jikin tanderu, ba zai ce fiza baƙuwa ce a garin nan ba. Kwaɓi ne a bar shi ya tashi, a faɗaɗa shi da hannu, a kai shi wuta mai ƙarfi. Mu muna zuba wa tamu ƙuli-ƙuli da mai da yaji da albasa mu kira ta bandashe, mutanen Napoli na ƙasar Italiya kuwa su shafa wa tasu tumatir su ɗora cuku. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gashin fiza na Napoli cikin jerin al'adun ɗan Adam da ya kamata a adana, kuma duk lokacin da na tuna da haka sai matan Jakara su faɗo mini a rai.

Don haka ba ɗanɗano ne ke kashe gidan fiza a Kano ba. Abu biyu na ga suna kashe shi: kwaɓin da yau daban gobe daban, da wurin da magidanci zai leƙa ya ji a ransa ba zai iya shigo da matarsa da 'ya'yansa mata ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan waɗannan biyun yake zagayawa. Da "ka" nake magana, amma mace mai niyyar wannan sana'a ta ɗauka da ita nake.

Mataki na farko: unguwa kafin shago

Kada ka fara da dillali, ka fara da benci. Ka zaɓi wurare biyu ko uku, ka je ka zauna daga bayan la'asar zuwa ƙarfe goman dare, ranar aiki da ranar Asabar, ka ga su wa ke wucewa. Nassarawa GRA da Bompai akwai masu iya biya, amma haya tana da zafi kuma gasa tana da yawa. Titin Zoo da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi akwai iyalai da zirga-zirga. Kabuga da Rijiyar Zaki kuwa ɗaliban Jami'ar Bayero ne za su riƙe ka, su kuma yanka-yanka suke saye, kuma ranar da aka yi hutu za ka ji a aljihunka.

In ka ga wurin da ya kwanta maka, tambayoyi huɗu za ka yi. Ina mota biyar za ta tsaya ba tare da ta tare titi ba? Wanda 'yan KAROTA suka taɓa tare shi a ƙofar shagonka da wuya ya dawo. Akwai rijiyar burtsatse, ko da 'yan garuwa za ka dogara? Awa nawa layin yake samun wutar KEDCO? Wannan maƙwabta za ka tambaya, ba mai gidan haya ba. Sannan ina hayaƙi da ƙarar janareta za su nufa? In tagar ɗakin wani dattijo ce, to ka sayi rigima tun kafin ka sayar da fiza ɗaya.

Kafin ka biya ko kwabo, ka je ka gaida mai unguwa. Ba da takarda za ka je ba, da ƙafarka za ka je, ka durƙusa ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so in buɗe wurin abinci a unguwarku, na ce sai na zo na ji ta bakinku." A zama ɗaya zai gaya maka abin da dillali ba zai taɓa faɗa ba: ko shagon yana cikin rigimar gado, ko ruwa yana kwanciya a wurin da damina, ko wanda ya riga ka zama a ciki me ya kore shi.

Mataki na biyu: takardu

Nan ba sai na daɗe ba. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ka buɗe asusun banki da wannan sunan, kada kuɗin shago ya haɗu da kuɗin cefanen gida. Ka san matsayinka a hukumar tattara haraji ta jiha, ka je sashen lafiya na ƙaramar hukuma domin duba-gari su duba wurin, a kuma yi wa masu taɓa abinci gwajin lafiya. In za ka rushe bango ko ka ƙara gini, ka nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, tukuna. In ka yi niyyar ɗura zoɓo ko miyar tumatir a roba da sunanka ka kai kantuna, to ka shiga huruminsu NAFDAC. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit, ka tara su a fayil guda a shago.

Mataki na uku: wuta

Fizar Napoli ta asali ana gasa ta a tanderun itace mai zafin da ya haura digiri 430, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Tana da daɗi ƙwarai in an ci ta nan take. Sai dai tsakiyarta laushi gare shi, kuma in ta yi minti ashirin a cikin kwali a bayan babur daga Hotoro zuwa Sharaɗa, abin da zai isa gidan mai oda ba zai sa ya sake kira ba. A Kano kuwa kaso mai yawa na cinikinka a kwali zai fita, saboda matan aure da yawa daga gida za su yi oda.

Shi ya sa nake ba da shawarar murhun gas mai daɓen dutse, wanda ke riƙe digiri 300 zuwa 350, fiza ta gasu a minti huɗu zuwa shida. Ƙasanta yana yin ƙarfi, tana jure tafiya, kuma sabon yaro yana iya koyon sarrafa shi a mako biyu. Na lantarki kada ka ma fara tunaninsa, sai in kana da wutar da ba ta ɗaukewa. Na itace yana da kyan gani kuma yana jawo yara, amma yana son ƙwararren hannu, yana son busasshen itace kullum, ga hayaƙi a tsakiyar mutane. In kasuwa ta buɗe ka iya gina shi daga baya.

Ka sayi ma'aunin zafi irin mai kama da bindiga, wanda ake haska wa dutse. Agogon jikin murhu zafin iska yake nunawa, fiza kuwa a kan dutse take kwance. A kunna wuta aƙalla minti arba'in da biyar kafin fiza ta farko. Tukwanen gas su zauna a waje cikin keji mai shan iska, koyaushe da cikakkiya guda a ajiye, da abin kashe gobara a inda hannu zai kai, kuma kowane ma'aikaci ya taɓa gwada shi da hannunsa.

Mataki na huɗu: kwaɓi

Nan ne zuciyar sana'ar, kuma nan zan fi daɗewa.

Abu na farko, ka jefar da gwangwani da kofi, ka sayi sikeli biyu: babba na fulawa, ƙarami mai auna giram ɗaya na yis da gishiri. Ranar da ka bar yaro ya auna da ido, ranar ka fara sayar da abin da ba ka san shi ba.

Ga ma'aunin da za ka fara da shi. Fulawa kilo 1, ruwa giram 630, gishiri giram 25, busasshen yis giram 2, man zaitun ko man gyaɗa mai kyau giram 20. Wannan zai ba ka curi shida masu nauyin giram 270 zuwa 280, kowanne ya yi fiza mai faɗin santimita 30. Ka ga ke nan buhu mai kilo 50 yana ba da fiza kusan 300. Ka riƙe wannan lissafin, domin da shi za ka gane ko fulawa tana bin wata hanya.

Fulawar Italiya mai lamba 00 ba dole ba ce. Fulawar burodi da ake sayarwa buhu-buhu a kasuwar Singa tana yi, muddin mai ƙarfi ce da ke jure miƙewa. Ka sayi kaɗan daga kamfani uku, ka kwaɓa su rana ɗaya da ma'auni ɗaya, ka gasa, ka zaɓi guda ka tsaya a kanta. Sauya fulawa kowane mako don rarar naira ɗari biyar shi ne babban abin da ke sa ɗanɗano ya riƙa yawo.

Yadda ake yi: ka narkar da yis a ruwa, ka zuba kashi biyu cikin uku na fulawa ka juya, ka sa gishiri, ka ƙarasa fulawar, mai ya zo a ƙarshe. A murza minti takwas zuwa goma a inji, ko minti goma sha biyar da hannu, har ya yi santsi. A rufe shi ya huta minti talatin, a yanka a auna, a dunƙula, a jera a faranti mai murfi da tazara tsakaninsu, a kai firij mai sanyin digiri 4. Ya kwana ɗaya aƙalla, in ya kwana biyu ya fi. Wannan doguwar kwanciyar cikin sanyi ita ke ba da ƙamshi da ƙananan kumfa a gefen fiza, ita ce kuma bambancinka da wanda ya tula yis da sukari ya gasa bayan awa ɗaya.

Yanzu ga inda Kano ta bambanta da abin da za ka gani a bidiyon Turawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ruwan tankin da ke kan rufi kuwa kamar an ɗora shi a wuta. In ka kwaɓa da shi, yis zai fara gudu tun a cikin inji. Da bazara ka kwaɓa da ruwan ƙanƙara, ka yi aikin bayan asuba, ka rage yis zuwa giram ɗaya da rabi, ka soka ma'auni a kwaɓin da ya fito: digiri 23 zuwa 25 kake nema. Da hunturu matsalar juyawa take yi. Iska busasshiya ce, curin da aka bari a buɗe minti biyar sai ya yi ɓawo, kuma ɓawon yagewa yake in an zo faɗaɗawa. A rufe koyaushe, a ƙara ruwa giram goma zuwa ashirin a kowane kilo. Fitar da curi daga firij kafin gashi ma haka: da zafi minti arba'in sun isa, da sanyi sai ya yi awa biyu.

Sai maganar wuta ta ɗauke. Wani dare cikin watan Afrilu janaretan shagonmu ya mutu bayan mun tashi, da safe muka tarar da curi tamanin sun kumbura sun haɗe sun zama abu guda mai tsami. Muka gasa abin da ya gasu kamar gurasa muka rabar a unguwa, ranar ba mu sayar da fiza ba. Tun daga nan na raba firij ɗin kwaɓi da na cuku daga sauran kayan wuta, na sa musu sola da batirinsu su kaɗai. In jarinka bai kai ba, ka rage kujeru da fitilun ado, amma kada ka rage wannan. Firiza mai buɗewa ta sama, in mai gyara ya sa mata abin daidaita sanyi ta tsaya a digiri 4, ta fi firij mai tsaye riƙe sanyi in wuta ta tafi.

Wurin faɗaɗawa, hannu ne ba muciya ko kwalba ba. A danna daga tsakiya zuwa gefe, a bar bakin da kaurin yatsa. Murzawa da katako tana kore iskar da ka kwana biyu kana tarawa.

Mataki na biyar: tumatir, cuku da nama

A tumatir Allah ya yi mana gata. Noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam yana cika Kwanar Gafan da Yankaba daga wajen Janairu zuwa Afrilu, lokacin kwando yana araha. Ka nemi dogon nan mai tsoka da ƙarancin ruwa wanda 'yan kasuwa ke kira UTC. A tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya, a ɓare, a matse 'ya'yan, a murƙushe, a sa gishiri giram 10 a kowane kilo, da ɗan tafarnuwa da ganyen ɗoɗɗoya. Shi ke nan. Ba miyar shinkafa ba ce, ba a soya ta da albasa da magi, domin za ta ƙarasa dahuwa a kan fiza. Giram 80 ya ishi fiza ɗaya.

Da damina tumatir yana tsada kuma yana ruwa, wata shekarar kuma tsutsa ta faɗa wa gonaki, kamar yadda aka gani a 2016 lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabi. Don haka lokacin araha ka sarrafa da yawa, ka ƙulla a leda kilo-kilo, ka rubuta kwanan wata, ka daskarar.

Cuku shi ne zai fi cin kuɗinka, kuma farashinsa dala yake bi. Mozarela mai ƙarancin ruwa kake so, ka saye shi dunƙule ka goga da kanka, ya fi araha kuma ya fi narkewa. Ka karanta jikin ledar: wani ba cukun madara zalla ba ne, an haɗa shi da man itatuwa, yana narkewa amma da ya huce sai ya zama kamar roba a baki. Ka kuma duba sinadarin da aka daskarar da madarar da shi, ka zaɓi wanda aka rubuta ba na dabba ba ne ko mai tambarin halal, domin akwai ranar da wani malami zai tambaye ka, kuma ya kamata amsar ta kasance a bakinka. Giram 100 zuwa 120 a kowace fiza, a auna a kofi ɗaya da kowa ya sani.

Mutane sukan ce me ya sa ba za a yi da cukun Fulani ba. Wanda ake daskarewa da ruwan tumfafiya ba ya narkewa ko an kai shi wuta, haka halittarsa take. Amma in aka yanka ƙanana aka ɗan soya aka watsa a kan mozarela, yana da daɗi sosai. Yin mozarela da kanka daga madarar shanu yana yiwuwa, kusan lita goma ke ba da kilo ɗaya, sai dai yana son madarar safe mai tsabta da aka dafa ta yadda ya kamata, kullum ba fashi. Ka bar shi sai shago ya tsaya da ƙafarsa.

Nama kuwa, kada ka wahalar da kanka da neman abin da ke zuwa daga waje. Jan naman nan mai zagaye da ake gani a fizar Amurka asalinsa da naman alade ake yi, don haka in ba ka ga shaida ƙarara cewa na sa ne kuma yankan Musulmi ba, ka bar shi. Kana da abbatuwa a Fagge, kana da mai tsire a bakin layinku wanda unguwa ta yarda da hannunsa shekara da shekaru. Ka yi yarjejeniya da shi ya riƙa gasa maka rabin gashi, ya ƙarasa a murhunka. Kilishi kuma ba ya shiga wuta, ƙonewa yake ya yi ɗaci. A yayyanka siriri a watsa bayan fiza ta fito. Haka dambun nama. Ka tuna yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yi, akwai yaran da gyaɗa ke tayar wa da ciwo, sai a rubuta a takardar abinci.

Mataki na shida: abin da za ka sayar da nawa

Kala shida sun isa a farko: ta tumatir da cuku zalla, ta tsire da albasa, ta kaza da tattasai, ta kilishi, ta ganye da zogale, da wata marar yaji ko kaɗan domin yara. Attaruhu a ba da shi a gefe. Abin sha kuwa zoɓo da kunun aya da lemon tsamiya da citta sun fi lemon kwalba riba, kuma su ne iyaye suka fi sakin jiki da su.

Farashi ba daga shagon wani za ka kwafo shi ba. Ka zauna da biro ka lissafa kuɗin curi, miya, cuku, nama, kwali da gas na fiza ɗaya. Abin da nake bi shi ne kada wannan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da za a biya, domin ragowar ne zai ɗauki haya da albashi da man janareta da gyare-gyare. In kaya sun tashi, ka ƙara kuɗi a fili ka faɗa wa mutane dalili. Bakano ya san kasuwa, zai fahimta. Abin da ba ya yafewa shi ne ya biya kuɗin jiya ya tarar an rage cuku a ɓoye. Ka kuma yi ƙarama mai sauƙin kuɗi, saboda mai 'ya'ya shida ya iya shigowa ba tare da ya ji kunya ba.

Mataki na bakwai: wurin zama

Ka tsaya a bakin ƙofa ka kalli wurin da idon magidancin da ya zo da matarsa da surukarsa da yara. In abin da ya fara gani shi ne samari goma sun baje a ƙofar shiga, zai juya. Don haka ka raba wurin biyu: gaba na masu tsayawa su karɓa da matasa, ciki na iyali, in da hali da ƙofarsa daban. A ɓangaren iyali ka yi rumfuna uku ko huɗu masu labule, yadda mai niƙabi za ta ɗaga ta ci abincinta hankali kwance. Ɗaya daga ciki a shimfiɗa kafet da matasai, domin tsofaffi da masu goyo sun fi son zaman ƙasa. Mace ce ya kamata ta riƙa kai abinci can.

Wurin sallah da na alwala ba ƙari ba ne, domin cinikinka tsakanin magariba da isha yake tashi. Na mata daban, da dadduma da hijabi mai tsabta da buta. Banɗaki kuwa a duba shi kowace awa. Uwa da ta shiga da ɗanta ta ga ƙazanta ta gama yanke hukunci a kan kicin ɗinka, ko da ba ta gan shi ba. Ban da shisha, ban da kiɗa mai ƙarfi, kuma ban da ɗaukar hoton kowa a sa a Instagram ko TikTok sai da izininsa.

Abu guda da na fi so a duk shagon shi ne tagar gilashi tsakanin wurin zama da murhu, da ɗan dandamali da yaro zai taka ya leƙa. Yara ba sa gajiya da kallon kwaɓi yana faɗi a hannu, iyaye kuma suna ganin tsabtar da ake yi da idonsu. Gani ya kori ji.

Mataki na takwas: ma'aikata

Mutum biyu aƙalla su iya kwaɓi da gashi, ban da kai. Wanda ya dogara da ƙwararre ɗaya, ranar da aka yi masa tayi mafi tsoka shagon ya tsaya. Ka ɗauki matasa daga unguwar ka koya musu, ka rubuta ma'auni ka manna a bango. Ka biya albashi ranar da ka ce, ka ba su abinci, ka san yadda 'yan mata za su koma gida da dare. Ka koya musu gaisuwa kafin ka koya musu komai: "Sannu da zuwa Alhaji, bismillah ku shigo ciki," "Hajiya, a kawo wa yara marar yaji?" Mai karɓar kuɗi daban da mai ba da abinci, kuma in tiransifa ce ba a sakin kaya sai kuɗi sun shigo asusun shago, ba hoton rasit a wayar mai saye ba.

Mataki na tara: zama da unguwa

Wannan ba talla ba ce, zaman tare ne, kuma daga ƙananan abubuwa yake farawa. Kwatar gaban shagonka ka riƙa yashe ta, kada ruwan wanke-wanke mai maiƙo ya gangara ƙofar gidan wani. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, yaranka su fito da tsintsiya da shebur tare da kowa. Ka biya kuɗin 'yan sintiri ba sai an biyo ka ba. Ka kashe janareta a lokacin da kuka yi alkawari da maƙwabta. Ranar Juma'a a rufe a tafi masallaci.

Abin da za a iya saye a unguwa a saye shi a unguwa. Akwai matar da ta iya zoɓo, akwai mai daka yaji, akwai mai dambun nama a cikin gida. Ka ba su ma'auni da sharaɗin tsabta, ka biya su a kan lokaci. Gidan da ke samun kuɗin cefane daga shagonka ba zai zuba ido a yi maka ɓarna ba.

In an yi rasuwa a layin, ka je gaisuwa da kanka, ka aika da abin da ya sawwaƙa. In Islamiyyar unguwa za ta yi saukar Alƙur'ani, ka yi wa ɗaliban ragi ko ka ba da kyautar fiza ga waɗanda suka yi fice. Wata Asabar da safe, kafin a buɗe, ka gayyaci yara goma da iyayensu mata, kowane yaro a ba shi ƙaramin curi ya faɗaɗa ya ɗora abin da yake so. Kuɗin abin kaɗan ne, amma yaron zai yi wata guda yana ba da labari. Abin da ya rage da dare wanda ba a taɓa ba, a ba almajirai da masu gadi a daren yana da kyansa, ba ragowar faranti ba.

Sai dai akwai inda dole ka tsaya da ƙafarka, wato bashi. Abokai da 'yan uwa da maƙwabta za su zo, wani zai ce, "Yaya, a rubuta, gobe zan turo." In ka buɗe wannan littafin ba ya rufuwa, kuma ƙarshensa ka rasa kuɗin ka rasa mutumin. Ka ware adadin da za ka iya bayarwa kyauta a wata, ka bayar da hannunka da sakin fuska, ka rubuta shi a matsayin kyauta. Abin da ya wuce wannan ciniki ne, kuma ka gaya wa mai karɓar kuɗi ya ce doka ce daga gare ka, don kada nauyin ya faɗa kansa.

Mataki na goma: buɗewa da bin kalandar gari

Kada ka buɗe da gangami. Ka yi mako guda kana gasa ashirin zuwa talatin a rana domin maƙwabta da 'yan uwa, kana tambayarsu gaskiya, kana auna minti nawa oda ke ɗauka daga baki zuwa tebur. Ranar buɗewa ka gayyaci liman da mai unguwa da dattawan layi a yi addu'a, su fara ci. Ka sa lambar WhatsApp ta shago a jikin kwali, kai wa gida kuma ka iyakance shi ga inda babur zai isa cikin minti ashirin, ka huda kwalin ta gefe don tururi ya fita.

Da azumi tsarin yana juyewa. Lokacin buɗa-baki mutane kunu da ƙosai suke nema, kasuwarka sai bayan asham take tashi, ta kai tsakar dare. Ka mayar da kwaɓi bayan sahur, ka rage ma'aikatan rana. Da sallah kuwa, musamman ranakun hawan Daushe da hawan Nassarawa da yara ke yawon sallah, abin da ka saba sayarwa a kwana uku yana iya tafiya a yini ɗaya. Tunda kwaɓinka kwana biyu yake so, shirin ranar sallah tun ana jajibiri ya kamata a ce ya kammala, cuku da kwali da gas kuma a saye su mako guda kafin nan, domin kasuwanni rufewa suke. A ranakun ka rage kala zuwa uku, layi zai fi gudu.

Kowane dare kafin a kulle, a ƙirga curin da aka fitar da safe, a cire wanda ya rage da wanda ya lalace, a gwada da adadin fizar da ke cikin rasit. A auna cukun da ya saura, a duba ma'aunin firij a rubuta lambar da ya nuna, a rufe kan tukunyar gas, sannan wanda ya duba ya sa hannu a littafin.